Sandar besbol ta alminiyam mai araha za ta wadatar da ɗana?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ɗana mai shekara 11 yana buga besbol a wata ƙungiyar yara nan Jos, har sun fara fita wasa Abuja. Ƙanina da ke Amurka ya ce zai aiko masa da sandar bugu, ya turo min hoto biyu: ɗaya ta alminiyam, wajen dala 70, ɗayar ta haɗin zaren kabon, ta haura dala 300. Yaron ya kafe sai mai tsadar, wai ita yake gani a bidiyo. Ni kuma ba na son ɗora wa ƙanina nauyi. Mai arahar za ta yi, ko araha ba ta ado? Daga wani uba a Unguwar Rogo, Jos.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya raya mana yaron. Ka ce wa ƙaninka ya ɗauki ta alminiyam ɗin, hankalinka kwance. Amma kafin ya biya kuɗi, ya juya sandar ya duba hatimin da ke saman mariƙinta, don can ne iyaye suka fi yin asara.

Tun 1 ga Janairun 2018 hukumar USA Baseball ta kafa ƙa'idar cewa sandar yara kada ta tura ƙwallo fiye da yadda sandar katako ke yi, kuma Little League, babbar gasar besbol ta yara, a rukunin ƙananan yara ba ta karɓar sandar alminiyam ko ta kabon sai mai hatimin USA na wannan hukuma. Akwai wata iri mai hatimin wata hukumar wasanni, USSSA, da lamba 1.15, wadda ƙungiyoyin yara masu yawon gasa a Amurka suka fi riƙewa. Ita ta fi cilla ƙwallo, shi ya sa alƙalin wasa zai iya hana yaro shiga da ita inda ake bin dokar Little League. Ta uku, mai hatimin BBCOR, ta 'yan sakandare da jami'a ce, ta yi wa ɗanka nauyi. Ka tambayi kocinsu wace doka ake bi a gasannin da suke zuwa. Idan bai ba ka amsa tsayayya ba, mai hatimin USA ta fi aminci.

Ka lura da abin da wannan ƙa'ida ke nufi ga aljihu. Tunda an yi wa duk sandunan USA iyaka ɗaya, ta dala 300 ba ta da ikon tsallake iyakar. Abin da kuɗin ke saya shi ne faɗin wurin da bugu ke daɗi a jikin sandar, da rage girgizar da ke bin hannu idan ƙwallo ta daki baki ko gindi. Wannan fifiko ne na gaske, ba zan ɓoye maka ba: alminiyam da aka ƙera gaba ɗaya babu haɗi tana yi wa yaro zafi a tafin hannu idan ya kuskure tsakiya, musamman da sanyin safiya. Safar hannu ta bugu da sabon naɗi mai kauri a mariƙi suna rage abin sosai.

Sai maganar garinmu. Masu ƙera sandar kabon da kansu suna gargaɗin kada a yi bugu da ita idan ma'aunin zafi ya sauka ƙasa da digiri 15 ko kusa da haka, domin tana iya tsagewa. Kai ka san safiyar Jos a Disamba da Janairu, lokacin da hunturu ya kankama. Alminiyam ita ma sanyi ba ya yi mata daɗi, amma lotsawa take yi, a ci gaba da atisaye da ita. Kabon idan ta tsage aikinta ya ƙare. Garantin shekara ɗaya da kamfanoni irin su Easton da Rawlings da Louisville Slugger kan bayar kuwa, wa zai mayar da sanda Amurka daga Jos? Ga shi kuma a filayenmu sanda ba ta zama ta yaro ɗaya. Ranar da ɗanka ya shigo da ita, duk ƙungiyar za ta yi layi, kuma ba za ka so ya zama mai rowa ba. Ta kabon ma sai ta sha bugu kamar 150 zuwa 200 kafin ta saki jiki, ta alminiyam kuwa daga kwali sai fili.

Abin da na fi so ka damu da shi shi ne nauyi. A jikin kowace sanda akwai lamba irin -10 ko -8: bambancin da ke tsakanin tsawonta a inci da nauyinta a oza ke nan. Mai inci 30 da oza 20 ita ce -10, wato gram 570 ko ƙasa kaɗan. Yawancin 'yan shekara 11 inci 29 ko 30 a -10 ke dacewa da su. Ka aro irinta a wurin koci, yaron ya riƙe ta da hannu ɗaya, ya miƙe hannun gefe na rabin minti. Idan hannun ya fara rawa yana sauka, ta yi masa nauyi. Don Allah kada a sayo babba wai zai girma ya tarar da ita. Sanda mai nauyi tana koya wa yaro sauke kafaɗa da makara a bugu, kuma gyara wannan ɗabi'a ya fi wuya fiye da sayen wata sandar. Nan da shekara ɗaya ko biyu zai wuce wannan tsawon ko ta halin ƙaƙa.

Idan ta iso, ka mirgina ta a kan tebur ka ga ko akwai lotsa, ka girgiza ta ka ji ko wani abu na kaɗawa a ciki, ka taɓa murfin bakinta ka tabbata bai saki ba. A koya masa juya ta kaɗan bayan kowane bugu, kada gefe ɗaya ya yi ta shan wuya, kuma a hana yara dukan tsakuwa da ita, abin da na san yaran Jos ba sa iya haƙura da shi.

Rarar kuɗin kuwa, ka roƙi ƙaninka ya saka hular kwano ta bugu mai rufe kunne da safar kama ƙwallo ta fata daidai hannun yaron. Waɗannan biyu sun fi wuyar samu a nan. Sauran a ajiye na motar Abuja: filin besbol ɗin da ke harabar babban filin wasa na ƙasa, wanda aka tanada don gasar Afirka ta 2003, ya cancanci yaron ya riƙa taka shi. Ka gaida min shi da kocinsu.