In sayar da gonar gado in sayi DAF, ko in ci gaba da tuƙa wa kamfani?

Tambaya: Assalamu alaikum Alhaji. Na daɗe ina jan tirelar wani kamfani, albashi ba ya kai ni ƙarshen wata. Wani dillali a Kwangila ya nuna mini kan tirela ƙirar DAF 'yar Beljiyam, ya ce in na sayar da rabona na gonar gado na ba da kafin alƙalami, sauran a biya wata-wata, cikin shekara ɗaya motar za ta biya kanta. Hankalina ya rabu biyu, ga iyali. Me za ka ce? Daga wani direba, Tudun Jukun, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka taɓa gonar nan tukuna.

Maganar dillalin ita ce cutar da nake gani kullum a harkar nan: mutum ya ɗauka kuɗin lodi shi ne riba. Direba yana ganin abin da ake biyan kamfani a kan buhu 300 na masara daga Giwa ko Saminaka zuwa Legas, ya dubi albashinsa, sai ransa ya ɓaci ya ce ana cin guminsa. To zauna mu rarraba kuɗin. Gas ne zai fara kwashe kaso mafi tsoka, zuwa da dawowa. Ɗan kamasho ya cire nasa, ƙungiya ta cire nata, ga yaron mota, ga masu sanda da ƙusa a bakin kowace ƙaramar hukuma da rasit ɗin da ba ka san asusun da yake shiga ba. Wannan duk wanda ido ke gani ne.

Wanda ke kayar da mutane shi ne kuɗin da motar ke ci a ɓoye. Kan tirela mai aksil uku da bodi mai aksil uku taya 22 ne, kuma kowace tafiya suna cinyewa ko ka lura ko ba ka lura ba. Kulochi, siferin, injekta, giyabos, kowanne yana da ranarsa, kuma tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kayan gyara suka yi tashin gwauron zabo. Dillali ba ya rubuta kwanakin da za ka yi a Legas kana jiran lodin dawowa, ko makon da mota za ta kwanta tsakanin Mokwa da Jebba ana neman bakanike, alhali mai bashi ranar biyansa ba ta matsawa. Daga nan sai mutum ya fara neman cike gibi: ya ɗora tan 45 inda ya saba 30, ya sa taya kwance, ya jera fasinja a saman kaya, ya sha ƙwaya don kada barci ya ɗauke shi. Haka ake rasa mota da rayukan bayin Allah a dare ɗaya. Kuma takardar inshorar da ake nuna wa 'yan Rod Sefti, ko ta gaskiya ce, ɓarnar da ka yi wa wani take biya, ba ta gyara taka motar, ba ta biyan kayan mutane. Ta bogi kuwa ko maganarta ba a yi.

A kamfani albashi kaɗan ne, wani wurin har da yankan kuɗi in gas ya yi ƙasa ko kaya suka yi nakasu, amma in injin ya buga ba gonarka ce za ta tafi ba.

Ban ce kada ka mallaki mota ba. Sharaɗina uku ne: mai kaya tsayayye da zai riƙa ba ka lodi, kuɗin gyaran injin da canjin tayoyi a ajiye bayan ka biya mota, da yarjejeniya a rubuce gaban shaidu wadda ta faɗi makomar kuɗinka in ka gaza biyan wata ɗaya. Ka sayi littafi ka riƙa rubuta duk abin da motar kamfanin ke ci na wata shida. Sannan ka kai bakanikenka, ba na dillali ba, ya tayar da DAF ɗin da sanyin safiya ya ga kalar hayaƙinta, ku kuma tantance takardun kwastan kafin a yi maganar farashi.