Na rubuta import, amma Cabal ya ce bai san Data.Map ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Wata uku ke nan ina koyon Haskell, harshen rubuta manhajar kwamfuta. Idan na buɗe GHCi, inda ake gwada Haskell layi-layi, na rubuta `import Data.Map`, lafiya lau yake karɓa. Amma da na sa layin a cikin aikina na ce `cabal build`, sai ya ce modul ɗin yana cikin ɓoyayyen kunshi. Abokina ya ce in yi `cabal install --lib containers` in huta. In bi shawararsa?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka bi ta. Abokinka alheri yake nufi, amma maganin nasa ba zai warkar da ciwon ba, domin `cabal build` ba ya duba abin da wannan umarni ya girka.

Abin da ya rikita ka shi ne ka ɗauka `import` yana ɗauko laburare. Ba ya ɗaukowa. Kiran suna ne kawai, kuma ba a kiran wanda ba ya cikin gida. Data.Map modul ne, kunshin da yake zaune a ciki kuwa sunansa containers. Wannan kunshi tare yake zuwa da GHC, wato manhajar da take fassara Haskell zuwa harshen na'ura, shi ya sa GHCi ya gan shi ba tare da ka sauke komai ba. Cabal kuwa, wato manhajar da take gina aiki tana tattaro masa kunshi, da gangan yake rufe ido ga duk kunshin da ba ka ambata ba. Buɗe fayil ɗin aikinka mai ƙarewa da `.cabal`, ka nemi layin `build-depends`. Za ka tarar da `base` shi kaɗai. Sa waƙafi ka ƙara `containers`, ka sake ginawa. Shi ke nan.

Wannan taurin kai na Cabal gata ne yake yi maka. Ranar da ka tura aikin ga malaminka ko ka canza kwamfuta, fayil ɗin zai faɗi duk abin da aikin yake buƙata. Umarnin abokinka kuwa yana rubuta sunan kunshin ne a wani fayil na gama-gari a cikin kwamfutarka, wanda ba ya tafiya tare da aikin. Kuma idan kunshi suka taru a can, sigar wannan ta ƙi jituwa da ta wancan, sai ka wuni kana neman inda gizo yake saƙa. Idan gwaji kake so, ka ce `cabal repl` daga cikin foldar aikin, zai buɗe maka GHCi da laburarorin da ka rubuta.

Bari in riga ka zuwa tuntuɓen da ke gaba, don tabbas za ka ci karo da shi. Data.Map yana da `filter` da `lookup` da `map` da `null`, kuma Prelude, wanda yake shigowa kowane fayil ba sai an gayyace shi ba, yana da sunayen nan duka. Ka rubuta `lookup`, sai GHC ya tsaya ya ce bai san wanne kake nufi ba. Gidan da ke da Sani biyu, dole a ce Sani babba da Sani ƙarami. Haka za ka yi: `import qualified Data.Map.Strict as M`, sannan ka riƙa cewa `M.lookup`. Ka ƙara layi na biyu, `import Data.Map.Strict (Map)`, don sunan nau'in ya shigo shi kaɗai. Ka lura na sa Strict. Haskell yana jinkirta lissafi har sai an buƙaci sakamako, to idan kana ƙirga kalmomi dubbai da Data.Map na asali, bashin lissafin da ba a yi ba zai yi ta taruwa yana cin ƙwaƙwalwar kwamfuta. Strict yana biyan bashin nan take.

Tambaya: Malam, wasu darussa suna cewa Cabal, wasu Stack. Wanne zan riƙe? Data ta yi tsada, ba na son saukar da abu sau biyu.

Amsa: 'Yar'uwa, ki riƙe Cabal, ki girka shi ta hanyar GHCup, manhajar girka kayan aikin Haskell. Stack, wanda shi ma aikin Cabal yake yi, ya fito ne a 2015 daga kamfanin FP Complete, a lokacin da Cabal yake zuba kunshin duk ayyuka wuri guda suna karo da juna. Dabararsa ita ce Stackage: jerin kunshi da aka tsamo daga rumbun Hackage, aka gwada cewa suna ginuwa tare da wata siga guda ta GHC. Dabara ce mai kyau, har yau tana aiki. Sai dai tun siga ta 3.0 a 2019 Cabal ya gyara halinsa, kowane aiki yana samun sigogin da suka dace da shi.

Zancen data shi ya sa na karkata. Kowane jerin Stackage a ɗaure yake da GHC ɗinsa, don haka ayyuka uku masu jeri daban-daban suna iya jawo miki GHC uku, kowanne ɗaruruwan megabayit a saukewa. In malaminki da Stack yake koyarwa, ki bi shi, amma ki tsaya kan jeri ɗaya a duk ayyukanki. In kuma Cabal ne, ranar da aiki ya ginu lafiya ki ce `cabal freeze`, zai rubuta sigar kowane kunshi a fayil don kada ta sauya a bayan idonki. Ki kuma sani a tsarin Hackage lambobi biyu na farko su ne babbar siga, wato daga 0.6 zuwa 0.7 ana iya karya miki aiki.

Tambaya: Kwamfutata mai RAM 4GB tana daskarewa idan na sa kunshin lens da na aeson a aikina. In sayi sabuwa?

Amsa: Dakata tukuna. GHC mai cin ƙwaƙwalwa ne, kuma lens ba ya zuwa shi kaɗai, da dangi yake tafe. Ka ce `cabal build --dry-run` ka ga yawan kunshin da za a gina kafin ka yarda. In ɗauko abu daga cikin rikodin kawai kake so, microlens zai yi maka, kuma ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Shi aeson zai yi wuya ka guje masa in da JSON kake aiki, wato tsarin rubutun da manhajoji suke musayar bayanai da shi, amma sau ɗaya ake shan wahalarsa, Cabal yana ajiye abin da ya gina don sauran ayyuka. Ka rufe burauza, ka jona caji, ka ƙara `-j1` don ya riƙa gina kunshi ɗaya bayan ɗaya.

In duk da haka tana daskarewa, kai ta wurin mai gyara ya duba ko tana da ramin ƙarin RAM, domin wasu a manne take da allon ciki. In akwai rami, ka kai ta 8GB, kuɗin bai kama ƙafar na sabuwa ba. In a manne take, to ka nemi wata, ko da ta hannu ce, mai 8GB ko 16GB da SSD.