Amsa ga Yaya kan na'urar da ake dasawa a ƙwaƙwalwa

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da yamma. Yaya, na saurari tambayarka, cewa na'urar nan da Neuralink, kamfanin Elon Musk, ke dasa wa mutane a ƙwaƙwalwa, shin daidai ne ko wuce gona da iri ne.

To, ka ga, a watan Janairun 2024 suka fara dasa wa mutum, wani matashi Ba'amurke, Noland Arbaugh. Tun 2016 ya samu hatsari wajen ninkaya, daga kafaɗa zuwa ƙasa ba ya motsi. Aka huda ƙoƙon kansa, aka zura zaruruwa 64, kowanne ya fi gashi siranta. Bayan nan yana zaune a kekensa, da tunani kawai yake sarrafa kwamfuta. Wallahi duk wanda ya taɓa jinyar mai shanyewar jiki, yana juya shi, yana ɗura masa ruwa da cokali, ba zai ce wannan laifi ne ba. Magani ne.

Abin da ke damuna daban ne. Ba a yi nisa ba wasu zaruruwan suka zame daga wurinsu, sai da injiniyoyin kamfanin suka gyara manhajar kafin abu ya daidaita. Wato lafiyar bawan Allahn nan tana hannun kamfani. Kuma an taɓa ganin inda irin haka ta kai. Wani kamfani, Second Sight, ya dasa wa makafi sama da 350 na'urar gani a ido. A 2019 ya daina ƙera ta, a 2020 ya sallami yawancin ma'aikatansa. Aka bar mutane da ƙarfe a ido, in ta lalace babu mai gyara, cirewa kuma sai an sake tiyata.

Wannan fa marasa lafiya ke nan, waɗanda larura ta kai su. Shi kuwa Musk da bakinsa ya ce burinsa har masu lafiya a dasa musu, don su yi kafaɗa da kafaɗa da ƙirƙirarriyar basira. Nan kam ban yarda ba. Mutum lafiyarsa ƙalau, a buɗe masa kai, tunaninsa ya zama bayanan da wani ke tarawa? Shi ya sa ƙasar Chile ta gyara tsarin mulkinta a 2021 don kare bayanan ƙwaƙwalwar 'yan ƙasarta.

Don haka Yaya, in za ka kai wa malamai tambayar, don Allah ka haɗa da wannan: in kamfanin ya rushe, wa zai cire na'urar, kuma wa zai biya?