Anko Ya Jefa Ni Cikin Bashi

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamar firamare ce, albashina naira dubu 70. Bana kaɗai na yi anko bakwai, uku bashi ne wurin dillaliya. In na ce ba zan yi ba, sai ƙawaye su ce na raina musu biki. Mahaifiyata kullum cewa take in yi wadatar zuci. Ta ina zan fara? Daga wata mai karatu, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Mahaifiyarki ta faɗi gaskiya. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah (SAW) ya ce wadata ba yawan dukiya ba ce, wadatar zuci ce. Sai dai ba ranar da aka turo hoton leshi a WhatsApp ake neman wadatar zuci ba. Tun kafin ranar ake ɗaure zuciya.

Ɗauki takarda ki rubuta abin da anko guda ya ci miki. Ba kuɗin atamfa kaɗai ba: ɗinki, ɗankwali, mayafi, takalmi, lalle, kuɗin mota, ga liƙi. A nan mata da yawa ke ruɗuwa, suna lissafa turmi su manta da sauran. Dillaliya kuma takan ɗora riba saboda jira, sai ki biya fiye da farashin kasuwa kan kayan da wataƙila sau ɗaya za ki sa.

Sannan ki yanke adadi. Mu dai shawararmu biyu a shekara: na 'yan ciki ɗaya, sai aminiya ta ƙut da ƙut. Sauran ki je da kayanki masu kyau, ki miƙa gudummawa daidai ƙarfinki, ki kama aikin girki. Zuwa da kai ya fi saƙo.

Ki faɗa wa amarya da wuri, ke da ita: “Wallahi bana ba ni da hali, amma ina nan tun daga kamu har kai amarya.” In kika yi shiru sai an yanka miki yadi, bashi ya hau kanki.

Kwasar adashinki ta gaba ki sallami dillaliya da ita, ki fara da bashin da ya fi daɗewa. Kada ki karɓi ko ƙyalle a hannunta sai kin biya ukun nan.