Tambaya da Amsa: Gaban kekena na wullo ni kamar ƙwallo

Assalamu alaikum Kawu. Bayan ƙaramar salla na sayi keken hawan dutse na hannu, irin waɗanda ake saukewa daga kwantena. Fok ɗinsa, wato ƙafafu biyun nan da ke riƙe tayar gaba, RockShox Recon ne mai iska, yana nitsewa milimita 100. Ranar Asabar ni da abokaina muka gangara Tafkin Bosomtwe ta Kuntanase, tun kafin mu kai Abono gaban keken ya fara wullo ni. Da na faɗa rami sai ya dawo da ƙarfi, in ji ƙwas a tafin hannuna. Shuɗin makullin nan na saman fok ɗin, mai hana shi nitsewa, kuma ya daina kullewa. Mai faci ya ƙara wa fok ɗin iska, abin ya ƙara muni. Wani ya ce in ɗura baƙin mai. Yaya zan yi?
Ɗanka, daga Aboabo, Kumasi

Wa alaikumus salam ɗana. Ka gode Allah da ka tambaya kafin ka ɗura baƙin man nan. Iskar da aka ƙara maka ma ka rage ta, domin ba a nan ciwon yake ba.

Ƙafafun fok ɗinka biyu ba aiki ɗaya suke yi ba. In kana zaune a kan keke, ta hagu ita ce mai iska, ita ke ɗaukar nauyinka kamar sifirin. Ta dama kuwa mai ne a ciki, da fistin mai ƙananan ramuka. Duk lokacin da fok ya nitse ko ya taso, dole man ya matsa ta ramukan nan, wannan matsin shi ke hana iskar ta harbo ka. Iska doki ce, mai kuma linzami. Kai linzaminka ne ya kwance, mai faci kuma ya ƙara wa dokin dawa.

Fara da gwajin da ba ya cin ko pesewa ɗaya. A ƙasan ƙafar dama akwai jan makunni, kusa da shi za ka ga hoton zomo da kunkuru. Murɗa shi ƙarshe wajen kunkuru, ka danna kan keken da dukkan nauyinka, ka saki. Ya kamata ya taso a hankali kamar mai jin barci. Sai ka mayar wajen zomo ka sake dannawa, yanzu ya kamata ya zabura. Sau da yawa yara ne ke murɗa shi a tsakar gida, ko tsohon mai keken ya bar shi a kan zomo, kuma shi ke nan magana ta ƙare. Amma in kunkuru da zomo duk tafiyarsu ɗaya, to fistin ba ya samun mai.

Abin da ya sa nake zargin haka tun kafin in ga keken shi ne makullin da ka ce ya daina aiki. A irin wannan fok, makullin yana saman bututun da man ke ciki, sai mai ya cika ya kai gare shi sannan yake iya riƙewa. Da mai ya ragu, shi ne farkon wanda ke sanarwa. To ina man ya tafi, tunda ba ka ga ya zuba a ƙasa ba? Akwai wata robar sil a gindin bututun, inda sandar fistin ke shige da fice. In ta tsufa sai man ya riƙa tsiyaya cikin ƙafar ƙasa, wato kwanson da bututun ke nitsewa a ciki, ya taru a can, waje kuwa fes.

Ga yadda za ka tabbatar. Sauke iskar duka ta bawul ɗin hagu, ka danna fok ɗin har ƙasa. In ya tsaya cak kamar ya ci karo da dutse alhali saura yatsa biyu ko uku ya ƙure, man da ya gudu ne ya tokare shi. Kada ka taɓa sa sifana a kowane noti iska na ciki, na taɓa ganin murfi ya tashi ya fasa wa yaron shago leɓe. Bayan iska ta fita, sassauta notin ƙasan ƙafar dama da alanki, ka ɗan buga shi da guduma mai kan roba, ka tara kwano. Man da ya kamata ya fito daga nan bai wuce cokali ɗaya ko biyu ba. Da damina aka kawo mini wani daga Asawase, da na buɗe sai da ya kusa cika kofin shayi, launinsa kamar kunun kanwa, ja-ja saboda ƙasar nan tamu, yana wari. Mai shi ya ce shekara uku ba a taɓa buɗe shi ba. Raina ya ɓaci, domin fok ne mai kyau, kuma robar da ba ta kai faɗin kwabo ba ce ta kusa kashe shi.

Gyaran shi ne a canza sil ɗin, a wanke ciki, a zuba sabon mai. Man fok mai lamba 5 ake sa wa wannan bututu. In na keke ya yi wuyar samu, je Suame Magazine wajen masu kayan babur ka nemi man fok na babur mai wannan lambar, yana yi. Baƙin mai ya yi kauri, zai sa fok ya yi nauyin tasowa har ya dunƙule a kan gargada. Man birki kuwa kumbura robobin yake yi, ka nisance shi. Yawan man ba da ido ake auna shi ba, da sirinji ne, kuma ya danganta da shekarar fok ɗin. Akwai lamba a bayan kafaɗarsa, ka sa ta a shafin RockShox na intanet, zai nuna maka littafinsa da adadin mililita. In ka cika da yawa ba zai nitse har ƙasa ba, in ka rage makulli ba zai kama ba.

Sannan ka dawo kan iska. Nemi ƙaramin famfon fok mai agogo, ka ɗaura siririyar roba a bututu don ta nuna maka iyakar nitsewarsa, ka hau ka miƙe a kan feda. Nitsewar milimita 20 cikin 100 ɗin nan ta isa.

Kamfanin ya ce a buɗe ƙafafun ƙasa duk bayan awa 50 na hawa, bututun mai kuma bayan awa 200. A ganina a garin nan, daga Disamba zuwa Fabrairu da ƙurar hunturu ke sauka, awa 50 ɗin ma ta yi yawa. Kuma don Allah ka daina kai shi wajen masu wankin mota, ruwan injinsu tura datti yake yi cikin fok ta ƙarƙashin sil. Tsumma mai laushi bayan kowace fita ya wadatar. Ka shafa farcenka a jikin bututun, in ya sarƙe a wani karce, ka gaya wa makanikin kafin ya sa sabuwar roba, in ba haka ba cikin wata guda za ta yage.

Kawu, nawa SR Suntour XCT ne, shi ma yana tsalle, amma ban ga jan makunni a ƙasa ba.
'Yarka, daga Tafo

'Yata, naki bai lalace ba. Yawancin irinsa sifirin ƙarfe ne kawai da giris, babu man da zai riƙe shi, haka aka ƙera shi. A wanke a sa sabon giris, ki ɗan rage iskar tayar gaba. In kin fara bin su zuwa Bosomtwe kowane mako, ki soma tara kuɗin fok mai bututun mai.