Kwamfutata tana kamawa amma fuskar baƙi ƙirin, in bari a yi mata fomat?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da HP EliteBook 840 G3 da na saya ta hannu. Da dare na kashe ta lafiya lau, da safe na kunna, fitila ta kama, fanka tana juyawa, amma fuskar ba ta nuna komai, sai fitilar Caps Lock da ke ta ƙiftawa. Mai gyara ya ce sai an yi fomat, ga shi furojet ɗina na kammala karatu yana ciki.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, kada ki bari a yi fomat ɗin nan. In aka kunna kwamfuta, BIOS, wata ƙaramar manhaja da ke cikin kwamfutar tun daga kamfani, ita ce ke fara duba kayan ciki, sai ta gamsu ta miƙa wa Windows. Taki ko tambarin HP ba ta nuna ba, wato tun a bakin ƙofa ta maƙale, ba ta ma isa wurin Windows ba. Me fomat zai gyara?

Ƙiftawar nan da kike gani magana ce. Ki zauna ki ƙirga. A irin wannan samfurin, ƙiftawa uku masu tsawo da biyu gajeru na nufin ba ta samu RAM, wato ma'ajiyarta ta wucin gadi, yadda ya kamata ba. Sau da yawa kuwa RAM ɗin lafiyarta ƙalau, ƙura ce ko jijjigar jaka a bayan babur ta sa ta ɗan zame daga mazauninta.

Kafin a taɓa sukurudireba, ki cire caja da duk abin da ke jone da ita, ki danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 30, sannan ki mayar da caja ki gwada. Wani lokaci shi ke nan.

In ta ƙi, sai a buɗe marfin ƙasa. Batirinta a ciki yake, shi za a fara cirewa. RAM siririya ce, ƙarafa biyu ke riƙe da ita ta gefe. A buɗa su, za ta ɗago da kanta. A goge haƙoranta masu ruwan zinare da magogin fensir, a hure ramin, a mayar har a ji ƙas. Ramuka biyu gare ta, don haka a gwada kowanne, kuma in RAM biyu ce a sa su ɗaya bayan ɗaya. Bayan an mayar takan ɗan jima kafin hoto ya fito, kada gajen haƙuri ya sa a kashe.

Idan ƙiftawar ta daina amma har yanzu duhu, ki jona ta da wani allo ta DisplayPort ko VGA. In hoto ya fito can, to matsalar daga fuskar ce ko wayar da ke haɗa ta da kwamfutar.

Furojet kuwa yana kan ma'ajiyar fayiloli, SSD ko hard disk, wannan matsalar ba ta taɓa shi ba. Ko da babban allon cikin kwamfutar (motherboard) ne ya mutu, ana ciro shi a sa a akwatin USB a kwashe komai, in dai ba BitLocker, makullin tsaro na Windows, ya kulle shi ba. Nan sai an nemo mabuɗin mai lamba 48, wanda galibi yana cikin asusunki na Microsoft. Ki tsaya a gaban mai gyaran ya kwashe miki fayilolin tukuna, sannan ku yi maganar gyara.