Furen sakura a bakin magudanar Biwa: amsoshin tambayoyinku

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina shirin zuwa Kiyoto ta ƙasar Japan don ganin furen sakura, wato itacen ceri na Japan, a bakin tsohuwar magudanar ruwan birnin. Wane mako ya dace in sa tafiyar?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Sa ranar nan ita ce gaba ɗayan aikin, domin furen ba ya jiran kowa. A Kiyoto yakan fara buɗewa wajen 26 ga Maris, ya cika wajen 4 ga Afrilu, daga nan bai fi mako guda ba sai zuba. Amma wannan matsakaicin lissafi ne. A 2021 ranar 26 ga Maris ɗin ya riga ya cika, waɗanda suka iso tsakiyar Afrilu ganye suka tarar.

Dalilin da ya sa abin yake zuwa lokaci guda ya tafi lokaci guda shi ne, yawancin itatuwan iri ɗaya ne, Somei Yoshino, kuma ta hanyar aure ake yaɗa shi, ba da ƙwaya ba. Kusan itace ɗaya ne aka rarraba, don haka tare suke amsa ɗumi. Masu hasashe na da wani lissafi mai sauƙi: a riƙa tara ma'aunin zafi mafi yawa na kowace rana tun daga 1 ga Fabrairu, idan jimillar ta kai wajen digiri 600, fure ya kusa. Hukumar yanayi tana shelar buɗewa ne idan fure biyar ko shida sun fito a itacen da ta keɓe, ta ce ya cika idan kashi 80 cikin ɗari sun buɗe.

Shawararmu, ka ware kwana biyar zuwa bakwai a farkon Afrilu, kada ka rataya komai a kan rana ɗaya. Ruwa da iska na dare guda kan kakkaɓe furen da ya cika. Ko hakan ya faru ba ka yi asara ba: furen da ya zuba yakan lulluɓe ruwan magudanar, fari da ɗan ja-ja, yana tafiya sannu kamar an shimfiɗa mayafi. Idan kuwa ka makara sosai, nufi haikalin Ninnaji, nasu yakan kai tsakiyar Afrilu.

Tambaya: Ta ina zan fara, kuma ƙafa kaɗai ta isa? Da mahaifiyata za mu je.

Amsa: Hajiya, ku hau jirgin ƙarƙashin ƙasa na layin Tozai ku sauka a tashar Keage. Nan kusa akwai gangaren Keage, tsohon layin dogo mai tsawon mita 582 da ake jan jiragen ruwa a kansa a da. Magudanar kanta an haƙa ta daga 1885 zuwa 1890, ƙarƙashin injiniya Tanabe Sakuro, don jawo ruwa daga tafkin Biwa. Gangaren tsakuwa ne da katakon dogo, saboda haka a sa takalmi mai rufi, a kuma riƙe wa Mama hannu.

Daga nan sai haikalin Nanzenji, inda ruwan ke bi ta saman wata gadar jan bulo, sannan Hanyar Masanin Falsafa, hanyar ƙafa a bakin magudanar, kusan kilomita 2 har haikalin Ginkakuji. Idan tafiyar za ta yi wa Mama yawa, ku shiga jirgin ruwan da ke yawo a magudanar a unguwar Okazaki, minti 25 ne zuwa da dawowa. Ku kama tikiti tun da wuri, yana ƙarewa.

Ku isa kafin ƙarfe 8 na safe. Da hantsi hanyar cika take maƙil. Safiyar kuma da sanyi, a tafi da rigar sanyi.

Tambaya: An yarda a karyo ɗan reshe don hoto?

Amsa: A'a, ɗan'uwa, don Allah kada ka taɓa. Raunin sakura ba ya warkewa da wuri, ta nan ruɓa ke shiga. Saiwoyinta kuma a sama-sama suke, tattaka gindin yana cutar da ita. Ka taho da leda, domin kwandon shara ba shi da yawa a hanyar.